Tagar da Na Toshe wa Inna

In na ce muku akwai ɗan da ya kulle uwarsa cikin hayaƙi har wata takwas, unguwa kuma tana sa masa albarka, za ku yarda? Na san ba za ku yarda ba. Ku da kuka saba da ni a nan, kun san in na ce na ga zaki, to ƙila kyanwar maƙwabta ce ta gifta. Amma yau ku ɗan ajiye dariyar a gefe. Ɗan nan ni ne.

Shekarun baya, lokacin ina jan wata tsohuwar mota tsakanin Daura da Kongolam, babu mai kirana da sunana a tasha. Likita ake ce mini. Ba don na taɓa leƙa ko tagar makarantar likitoci ba, sai don babu ciwon da za a ambata a gabana in rasa maganinsa. Ciwon kai, ina da magani. Basir, ina da magani. Matarka ta yi yaji, zo nan, ina da magani. Akwai fasinjan da na yi wa bayanin wani sassaƙe tun daga Daura, kafin mu isa Kongolam ya ce wallahi ya ji sauƙi, alhali ko ganin sassaƙen bai yi ba.

Mahaifiyata 'yar Sandamu ce, aure ya kawo ta cikin gari. Mahaifinmu ya rasu ina rarrafe, ni ne auta, don haka da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta rene mu. Akwai wani ɗan ɗaki a ƙuryar gidanmu da take suya a ciki, ba shi da taga ko ɗaya, wai kada iska ta watsa mata ƙasa a mai. Da kara take hura wuta, in babu kara ta sa kashin shanu, in damina ce itace ya jiƙe sai ta kama wutar da leda ko tsohon silifa. Shekara talatin da ɗoriya tana shiga ɗakin nan da safe, ta fito da la'asar idanunta jawur. Mu kuwa ƙamshin ƙuli kawai muke ji.

Abu biyu aka san ta da su bayan ƙuli. Na farko jan baki. Inna ba ta rabuwa da goro da furen taba, haƙoranta kullum ja kamar an shafa musu lalle, kuma tana ji da su. Na biyu wankan jarirai. Duk matar da ta haihu a layinmu, Inna ake kira. Ta ɗora jariri a tafin hannu ɗaya, ta juya shi, ta miƙe masa ƙafafu, ta gasa masa cibiya, yaro na tsala ihu ita kuwa tana yi masa tsiya. Rabin samarin unguwarmu, har masu gemu, ba su isa su yi mata rashin kunya ba, don nan take za ta ce, “Kai, yi mini shiru, na san kalar bayanka.”

Ni ne na daɗe ban yi aure ba. Kullum maganarta ɗaya ce: “Auta, na wanke ɗan kowa a garin nan, saura naka. Ka yi aure tun hannuna na da ƙarfi.”

Ni kuma in ce, “Inna, hannun da ke matse tunkuza har ta yi kuka? Ai sai kin wanke jikokin jikokina.”

Da Allah ya kawo lokacin na yi auren. Matata marainiya ce, ba ta da uwa, don haka tun ranar da aka kawo ta Inna ta ce babu zancen tafiya gida wanka in an haihu, ita ce uwa, ita ce kaka, ita za ta yi komai.

Ba a daɗe da bikin ba abin ya fara. Da asuba sai in ji buta ta faɗi a tsakar gida. Na ɗauka kaji ne. Ashe Inna ce, yatsunta sun ƙi lanƙwasuwa. Sai rana ta ɗaga sosai sannan su saki. Daga nan gaɓoɓin yatsun suka fara kumbura, dama da hagu iri ɗaya, kamar an auna. Wuyan hannu ya bi, gwiwa ta bi. Ta fara kiran matata ta ɗaura mata ɗankwali, wai ita ta fi iya ɗaurin zamani.

Duk wanda ya shigo dubiya magana ɗaya yake yi: sanyi ne. Shekara nawa tana tsoma hannu a ruwa? Sanyi ne ya shiga ƙashi. To wa ya fi sanin maganin sanyi a duk ƙasar Daura? Likita mana.

Na naɗe hannun riga. Ɗakin kwananta yana da taga guda mai kyau da ke kallon bishiyar darbejiya. Na ce ta nan ɓarawon ke shigowa. Na cusa buhuna, na kwaɓa ƙasa na shafe ta tas, har da ɗan zane na yi a jiki da yatsa don ado. Na rataya bargo a ƙofa. Na kawo kasko biyu, ɗaya a wajen kai, ɗaya a wajen ƙafa. Na sayo saiwoyi da wani baƙin ƙaro wajen mai magani a kasuwar Mai'aduwa, ana barbaɗawa a garwashi, hayaƙi ya tashi, in lulluɓe ta da zani in ce, “Shaƙa, Inna, shaƙa sosai, ya shiga har ɓargo.” Na hana ta ruwan randa. Na hana ta zama a inuwa. Da ta ce haƙoranta na ƙasa suna mata zugi, na kawo mata garin taba na ce ta riƙa dannawa a dasashi.

Jama'a, ɗakin nan ko macijin Kusugu ne ya shiga, da tari zai fito yana neman hanyar gida.

Abin da ya ƙara rufe mini ido shi ne, in ta ji ɗumi yatsun sukan ɗan saki. Sai ta motsa su ta ce, “Kai Auta, da sauƙi.” Shi ke nan, kaina ya ƙara girma. Na je tasha na ba da labari, na ce na kama sanyi da hannuna na fitar da shi ta ƙofa. Tsofaffin unguwa suna tare ni a hanya suna cewa Allah ya ba mu ɗa irinka. Har wata mata ta aiko in zo in toshe wa mijinta taga. Allah ya taimaki bawan Allahn nan, ranar ina da lodi.

Wata na bin wata. Matata ta samu ciki, Inna ce ma ta fara ganewa kafin ni. Murna a wajenta ba a magana. Ta sa aka sayo sabon baho da sabulun salo da soso mai laushi ta tura ƙarƙashin gado, alhali cikin ko fitowa bai yi ba. Amma tari ya kama ta, ta rame, kuma yatsun suka fara karkata gefe, duk suka juya wajen ƙaramin yatsa kamar gero in iska ta kwantar da shi. Duk da haka in ta ji dama-dama sai ta lallaɓa ɗakin suya. Wato daga wannan hayaƙin ta koma wancan.

Da azumi ya zo, wata rana da hantsi matata ta ja ni bayan ɗaki. Ta nuna mini asuwakin Inna a kan dutse, bakinsa ja.

Na ce, “To me? Goro ne.”

Ta ce, “Goro da azumi? Tun da aka ga wata ta ajiye goro da fure, ko bayan shan ruwa ba ta ci, ta ce ba ta iya taunawa. Wannan jini ne. Kuma in ka matsa kusa da ita za ka ji bakin ya canza. Don Allah mu kai ta asibiti.”

Na ce, “Ke daga zuwa awo sau uku har kin zama malamar asibiti? Me za su gaya mini wanda ban sani ba?”

Ta juya ta koma kan aikinta. Ni kuma na je na ƙara garwashi.

Bayan salla da 'yan kwanaki matar maƙwabcinmu ta haihu, aka aiko kiran Inna kamar kullum. Ta yafa mayafi ta tafi tana ɗingishi. Ban fi minti ashirin da zama a zaure ba sai ga ta ta dawo. Ban taɓa ganin ta gama wanka da wuri haka ba. Na ce, “Inna, yau wankan na express ne?” Ba ta kalle ni ba, ta wuce. Daga baya matata, da ta raka ta, ta gaya mini abin da ya faru. An miƙo mata jaririyar, ta sa hannu, hannun ya ƙi rufewa. Ta sake gwadawa. Sai ta ce wa kakar yarinyar, “Karɓe ta, kada in yar muku da 'ya.” Ta miƙe ta fito.

Na leƙa ɗakinta. Ta jawo sabon bahon nan daga ƙarƙashin gado ta ajiye a gabanta, ta ɗora hannayenta a cinya tana kallonsu. Ba kuka take yi ba. Da ma kukan ta yi.

Washegari ban yi lodi ba. Na kai ta asibiti a nan Daura, suka duba, suka tura mu Katsina. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton hannu da na ƙirji, muka koma ranar da aka ce mu koma.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta riƙe hannun Inna tana latsa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Ta sa ta buɗe baki, ta haska, ta daɗe tana kallo. Sannan ta tambaya ko Inna na shan taba. Inna ta ce, “A'uzubillahi.” Ta ce to aikin me take yi? Aka gaya mata. Ɗakin suyar yana da taga? Babu. Ta ce, “To tun da ciwon ya fara, me ake yi mata a gida?”

Nan fa na gyara zama. Dama abin da nake jira ke nan, likita zai gana da likita. Na kwashe komai na faɗa mata: buhuna, kasko biyu, ƙaro, lulluɓi, garin taba. Har da yadda na shafe tagar da ƙasa na kwatanta mata da hannu. Ina jira ta ce sannu da ƙoƙari.

Ta ajiye biro. Ta ce, “Wata nawa?”

Na ce, “Takwas, ranki ya daɗe, ko fashin kwana ɗaya babu.”

Sai ta yi mana bayani da Hausar da ko akuya za ta gane. Ta ce wannan ba sanyi ba ne, wani nau'in amosanin gaɓɓai ne. Garkuwar jiki, wadda aikinta shi ne yaƙar cuta, ita ce ta rikice ta juya tana cin gaɓoɓin mai ita. Ta ce babu wanda zai nuna abu ɗaya ya rantse shi ne sanadi. Wani ana haifarsa da shirin ciwon a jininsa, ya zauna lafiya har ya mutu abin bai tashi ba. Wani kuma sai a samu abin da ya tsokano shi. Daga cikin abubuwan da ake zargi, in ji ta, akwai hayaƙin da huhu ya daɗe yana sha, na taba ne ko na girki, akwai ƙurar fasa dutse, akwai kuma ciwon dasashi da ya daɗe yana ruɓa ba a kula ba. Ta ce dasashin Inna ya yi shekaru yana zubar da jini, jan goro da fure ne suka rufe shi.

Na ce, “To amma in ta ji ɗumi tana jin sauƙi.”

Ta ce, “Ɗumi daban, hayaƙi daban. Da ruwan ɗumi ka sa mata hannu a ciki, da ta ji sauƙin nan ba tare da ka cika mata ƙirji ba.”

Inna ce ta yi tambayar da ni na kasa. Ta ɗaga hannayen ta ce, “'Yar nan, za su miƙe? Ina da jariri a hanya.”

Likitar ta ce akwai maganin da zai tsayar da ciwon, ya rage zugi da kumburi, kuma za a gyara bakin. Amma abin da ya riga ya karkace ba zai dawo ba. Ta ce irin wannan ciwon watannin farko su ne zinariya. Ba ta kalle ni ba da ta faɗi haka. Na sha zagi a tasha iri-iri, babu wanda ya taɓa shiga jikina kamar rashin kallon nan.

Daga Katsina har Daura ban ce uffan ba. Ni, wanda fasinja ke roƙo in yi shiru ya samu ya yi waya. Muna isa gida ban ko cire takalmi ba na ɗauko diga na fasa tagar. Da haske ya shiga, sai na ga bangon ɗakin baƙi ƙirin, rufin baƙi, gidan sauro baƙi, har carbinta da ke rataye ya yi baƙi. Na tsaya ina tunanin in bango ya zama haka, to ina ga ƙirjin da ya kwana a ciki. Na kwashi kaskon biyu na kai bola.

Aka cire mata haƙora huɗu, aka wanke sauran. Ta bar goro da fure, ta bar suya. Ranar da aka fitar da babban kaskon ƙuli aka ba 'yar yayarta, da sharaɗin a fili za ta riƙa suya, Inna ta shige ɗaki ta juya fuska bango. Magani kuwa ya karɓe ta, kumburi ya sauka, ta koma tana alwala da kanta in an zuba mata ruwan a kwano. Yatsun dai suna nan a kwance. Ba ta ƙara zancen wanka ba, ni ma ban yi ba. Bahon yana ƙarƙashin gado, kowa ya san yana nan.

Matata ta haihu ranar wata Talata, namiji. Da aka dawo da su gida da hantsi, mata suka cika tsakar gida, aka dafa ruwa. Ni ina zaure ina karɓar barka, ina dariyar da ba ta wuce haƙori ba. Sai aka ce Inna na kira.

Na shiga na same ta a kan kujerar tsugunno, sabon bahon a gabanta, ga soso ga sabulu. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu tana riƙe da yaron tana cewa, “Haba Yaya, ki bari in yi miki, ke ki sa albarka kawai.”

Inna ta ce, “Wa zai taɓa mini miji ina zaune? Auta, wanke hannunka ka zo nan.”

Matan suka sa salati. Wata ta ce, “Namiji a wajen wankan jariri? Yau mun ga abin da ya fi ƙarfinmu.” Wata ta ce ai sai a ɗaura mini zani.

Inna ta ce, “Hannun nan nasa ni na yi shi, ni na wanke shi, ni na ciyar da shi. Nawa ne. Nawa na jikina sun gaji, zan yi da waɗancan.”

Na durƙusa. Aka ɗora mini yaron, ɗan mitsitsi, santsi kamar kifi. Ni da nake juya sitiyari da yatsa ɗaya, sai ga shi na rasa ta inda zan kama shi. Ta ce, “Tallafi ƙeyar. Ba haka ba, kai ba buhun masara aka ba ka ba. Yawwa. Juya shi.” Ta maƙale soson tsakanin tafukanta biyu, ta goga sabulu, ta shiga wanke shi a hankali, da gefen hannu, da bayan hannu, da duk inda ya yarda ya motsa. Yaro ya tsala ihu, ita kuma ta fara yi masa tsiyar da ta saba: “Yi mini shiru, angon banza, ka zo ba ko kayan lefe.” Dattijuwar nan ta ja bakin mayafi ta rufe fuska.

Haka muka yi kwana arba'in, safe da yamma, ita ce mai wanka, ni ne hannu. A tasha suka sauya mini suna daga Likita zuwa Ungozoma. Ban yi musu ba, wannan sunan aƙalla na yi aikinsa.

Shi ne jariri na ƙarshe da ta wanke. Ta yi shekara shida bayan nan, sannan Allah ya karɓi abarsa. Yaron yanzu ya kai kafaɗata, kuma duk ƙaryar da na yi a gida shi ke fara kama ni.

Har yau bakina bai mutu ba, kun sani. Amma in mutum ya ce mini gaɓoɓinsa na kumbura, ko ya tashi da safe yatsu a sandare, ba ni da sassaƙe. Mota nake buɗe masa, sai asibiti. In na shiga gida na ga mace na suya a ɗaki rufe, sai na yi maganar taga, ko za a ce na cika shisshigi. In na ga tsohuwa da jan baki, sai in ce a duba mata, ba duk ja ne goro ba. Ɗakin Inna kuwa ni ke kwana a ciki yanzu. An yi masa fenti sau biyu, baƙin yana sake ɓullowa ta kusurwa. Tagar ko ana ruwa ba na rufe ta duka.

Na taɓa neman gafararta sau ɗaya, a cikin kwanakin wankan nan. Rana ta uku ce ko ta huɗu, matan sun ragu, daga ni sai ita sai yaron a hannuna. Ina kallon yadda take fama da soson, sai kawai na ji hawaye na ɗiga a cikin bahon. Na ce, “Inna, ki yafe mini. Ni na kashe miki hannu. Ni na cuce ki da hannuna.”

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce:

“Ji shi! Shekara talatin ina shan hayaƙi don in cika maka wannan tulun cikin naka, ba ka lissafa ba, sai wata takwas ɗinka ne abin labari? Kai har laifi ma sai ka ƙara masa gishiri don a ce naka ya fi na kowa. Share majinar nan ka riƙe mini mijina da kyau, ruwa na hucewa.”